Mu kai yara su ga raƙumin dawa

Ƴan yaƙi da jahilci na Dogarawa, na Malbaza, na Ƙwanni da na Illela, barkanku da karatu.

Tsofaffinmu suna ba da labarin barewa da jimina a bayan gari. Yaranmu kuwa sai a littafin lakwal suke ganin su. Yaron da bai taɓa ganin dabba ba, yaya za ya ji tausayinta in ya girma? Shi ya sa yau za mu yi magana a kan kai iyali gandun namun daji.

Ina za a je?

Babban gandun ƙasarmu shi ne W, kudu da Yamai. An kafa shi a 1954. Akwai giwa da ɓauna da dorina. Amma ƴan bindiga sun shiga yankin, ba wurin kai yara ba ne sai hukuma ta ce lafiya ta samu.

Akwai Kure, a kan hanyar Yamai, bayan Doso. Nan raƙuman dawa suke kiwo kusa da gonaki. A 1996 saura 49 kawai. Da aka kiyaye su, sun wuce 600. Amma a nan ma, ran 9 ga Agusta 2020, an kashe mutum 8. Kada kowa ya ratse daji da kansa.

Akwai Gadabeji, arewa da Dakwaro, cikin jihar Maraɗi. An keɓe shi a 1955. A 2018 an kai raƙuman dawa 8 can daga Kure. Hanyar yashi ce, sai mota mai ƙarfi.

Wanda ya ga daji ya yi nisa, ga gidan tarihi na Bubu Hama a cikin Yamai. Akwai dabbobi a killace.

Yaya za a shirya?

Na ɗaya: tambaya. Mai gida ya fara zuwa wajen ma'aikatan daji na hukuma. In sun ce a dakata, a dakata.

Na biyu: lokaci. A tafi da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu. Zafin bazara yana kayar da yaro. A fara ajiye kuɗin mota tun an sayar da albasa.

Na uku: guzuri. Ruwa mai tsabta da yawa, gumba, ƙuli-ƙuli, dabino. A ɗauki sange saboda sauro. Kowane yaro da takalmi da hula. A riƙe katin ɗan ƙasa da takardun haihuwar yara.

Na huɗu: a cikin daji. A bi ɗan jagora. Uwa ta riƙe hannun ƙarami. Ba ihu, ba jifa, ba ba dabba abinci. Raƙumin dawa ba ya neman faɗa, amma harbinsa yana kisa. Kada a hura wuta, don ciyawar rani ba ta da wuyar kamawa.

Na biyar: ku da kuka iya karatu, ku rubuta sunan yaro da na garinku a takarda, ku sa masa a aljihu. In ya ɓace a tasha, takardar za ta yi magana.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta sunayen dabbobi biyar da kakansa ya sani, waɗanda babu su yanzu a garinku. Ku kawo wa malami.

Sai mako mai zuwa. Allah ya kai mu lafiya.