Indomin Mota: Yadda Za Mu Sauya Shi Ba Tare da Ya Cinye Mana Jari Ba

Jawabin da aka gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, Dembe, Njamena

Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu dattawan fatauci, alhazai da hajiyoyi, direbobi da yaran mota, da baƙinmu da suka ƙetaro daga Kusiri da Gamboru da Maiduguri, barkanmu da ganin wannan rana, sannunku da zuwa Dembe.

Zancen duwan da shingayen hanya an yi shi da safe, ba za mu maimaita ba. Mu namu a ƙarƙashin mota yake. A jikin salansa, tsakanin inji da tukunyar baya, akwai wani ƙarfe mai kumburin ciki kamar ɗan tulu. Makanikan nan garin suna ce masa katalizer, na Kano da Maiduguri kuwa indomi suke kiransa, don cikinsa ya yi kama da taliyar nan kafin a dafa ta. Yawancinmu ba mu san muna da shi ba, sai ranar da makanike ya ce ya mutu, ko ranar da muka tada mota da asuba muka ji tana ƙara kamar injin niƙa.

Abin da ke cikinsa tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafa masa ƙarafa uku masu tsada: falatinam, faladiyam da rodiyam. Idan ya ɗauki zafi, wajen digiri 250 zuwa 300, sai ya fara ƙone gubar da ke cikin hayaƙi kafin ta fito waje. Amurka ta fara sa shi a yawancin motocinta a 1975, Turai kuma ta wajabta shi ga sababbin motocin fetur tun 1993. A 1975 ɗin nan ne kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna, kuma 504 ɗin da iyayenmu suka yi fatauci da ita ba ta da wannan ƙarfe. Saboda haka dattijon da ya ce ya shekara talatin a hanya bai taɓa jin sunansa ba, gaskiya ya faɗa. A wancan zamani ma fetur ɗinmu yana da dalma, wadda ke kashe indomi, kuma sai a farkon 2006 aka daina sayar da irinsa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. Yau kuwa Corolla da Golf da Sienna da Hiace ɗin da ke shigo mana ta Kwatano da Duwala da Legas da shi aka ƙera su, kuma sun riga sun ci shekarunsu a can kafin su zo hannunmu.

Ga inda kuɗi suka shiga. A watan Maris na 2021 oza ɗaya ta rodiyam, wato giram 31, ta kai wajen dala 29,000, alhali zinariya a lokacin ba ta kai dala 2,000 ba. Abin da ke cikin mota ɗaya 'yan giram ne kawai in an haɗa ƙarafan uku, amma ya isa ya sa a yi ta yanke salansa daga Landan har Legas. Farashin ya sauko daga baya, masu saye dai ba su tafi ba. Kowa a nan ya san labarin wanda ya bar mota a gareji don gyaran birki, ya dawo ya karɓe ta, sai bayan mako ya gane an fasa tulun an kwashe cikinsa an mayar da walda. Akwai kuma wanda aka ce masa, "Alhaji, wannan abin shi ke danne maka mota, bari mu cire," har ya yi godiya ya ba da goro. Ba duk makanike ke haka ba, muna da na kirki da yawa a Dembe da Kusiri. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai barin mota kwana uku ba tare da ya leƙa ƙarƙashinta ba shi ma da nasa.

To, kafin a fitar da ko sefa ɗaya, a tabbatar ya mutu ɗin. Alamunsa sanannu ne. Mota tana tashi lafiya, amma da an ɗora kaya an taka totur sai ta ƙi gaba, kamar wanda aka toshe wa hanci. Wani lokaci a ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko a ga tulun ya yi ja da daddare. In mota ta huce aka ɗan bubbuge shi da hannu aka ji kacau-kacau, tangaran ya farfashe. Gwajin da ba ya cin kuɗi shi ne a kwance sansar da ke gabansa, a bar ramin a buɗe, a ɗan zaga da motar na 'yan mintoci. Idan ƙarfi ya dawo, toshewa ce. Motocin Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket a wajen sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Lambar da takan nuna ita ce P0420, ko P0430 a ɗaya ɓangaren injin V6. Amma wannan lamba ba hukunci ba ce. Sansar baya da ta gaji, ko ɗan rami a salansa inda iska ke shiga, duk suna iya kawo ta, kuma gyaransu bai kai rabin kuɗin indomi ba.

Sannan a tambayi abin da ya kashe shi, domin da wuya ya mutu da kansa. Filogi ko kwayil da ba ya ba da wuta yana tura ɗanyen mai cikin salansa, man ya kama wuta a cikin tulun ya narkar da tangaran. Injin da ke shan baƙin mai yana lulluɓe ramukan da toka. Gasket da ya ƙone yana tura masa ruwan lagireto. Ga man bumburutu na kwalba, wanda wani lokaci an gauraya shi da kalanzir. Matatar Jarmaya tana aiki tun 2011, amma wa a cikinmu bai taɓa sayen na kwalba a tsakiyar hanya ba? Ga kuma damina: a shiga ruwa da tulu mai zafi tsakanin Fotokol da Kusiri, tangaran ya tsage. Duk wanda ya sa sabo bai gyara filogi ko zoben fistin ba, ya shirya sake saye kafin a zaga shekara.

In ya tabbata sai an sauya, sabo fil na kamfanin motar ba namu ba ne. A tsohuwar mota kuɗinsa na iya cin babban kaso na darajar motar kanta.

Na farko da muke ba da shawara a nema shi ne na Beljiyam, wato na asali da aka ciro daga wata motar irin taka. Ana samunsa a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, kuma 'yan'uwanmu masu safarar kayan gyara suna kawo shi har nan. In ya dace, kusoshi kawai za a ɗaure, ba yanka ba walda. Sai dai a nan ne ha'inci ya fi yawa, tunda mai sayarwa ya san cikin ya fi gangar daraja. A haska tocila ta baki ɗaya, a leƙa ta ɗaya bakin: a ga ramukan a jere, babu narkewa, babu baƙin maiƙo. A girgiza a saurara. A duba jikin gangar, in akwai sabon ɗinkin walda a ciki ko a bayanta, a ajiye a yi gaba, don akan cusa soson ƙarfe a madadin tangaran.

Na biyu shi ne sabon nan na gama-gari da ake waldawa a kowace mota. Ya fi araha, kuma ga tsohuwar mota mai silinda huɗu da ke zirga-zirgar Njamena da Kusiri ya wadatar. A sani dai araha ba ta ado: ƙarafan da aka shafa masa kaɗan ne, ba zai daɗe kamar na asali ba, kuma a wasu motocin fitilar inji takan dawo. A zaɓi wanda faɗin bakinsa ya yi daidai da bututun motar, wanda kuma aka yi don girman injinta. Na ƙaramar Corolla a jikin Hiace mai lodi, shaƙe ta zai yi. In akwai kibiya a jikinsa, ta kalli baya. A sa shi inda na da yake, kada a ja shi nesa da inji, don ba zai yi zafin da zai yi aiki ba. Kafin mai walda ya kunna wuta, a cire kan batir, a kwance sansoshi a ajiye gefe. A mayar da farantin da ke tare zafi. Muna ajiye motoci a kan busasshiyar ciyawa, wasunmu kuma atamfa da katifa suke ɗauka.

Wanda aka cire kuwa, naka ne. Ko ya farfashe yana da kuɗi, musamman na asali. A sa shi a buhu a gabanka, har garin da ya zube, a tambayi farashi wurin mutum biyu ko uku. Abin da aka samu yakan rage kuɗin sabon sosai. A nan ne arahar gaskiya take, kuma nan ne aka fi cutar mu.

Saura masu cewa a fasa a zubar, a sa miƙaƙƙen bututu. Mun san ana yi, kuma mota za ta tafi. In toshewa ta kama ka a daji tsakanin Dikwa da Gamboru, ba wanda zai ce ka kwana can saboda tangaran. Amma a ɗauke shi a matsayin ɗaurin karaya, ba warkewa ba. Fitilar inji za ta zauna a kunne, ranar da wata babbar matsala ta taso ba za ka gane ba. Sau da yawa garin fasawa ake lalata sansar gaba, ita ce kuwa ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan man da za ta saki, sai shan mai ya ƙaru. Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san zafin lita ɗaya. Mai sayen mota ma yanzu sai ya sunkuya ya duba kafin ya taya.

Abin da ya fi damunmu shi ne rai. Cikin gubar da indomi ke ƙonewa akwai iskar kabon monoksayid, ba ta da launi, ba ta da wari. Direbobinmu da yaransu suna kwana a layi a gadar Ngeli ko a bakin Fotokol suna jiran a buɗe, gilashi a rufe saboda sauro, inji a kunne saboda sanyin na'ura. Ko da indomi lafiyayye wannan ganganci ne, balle babu shi, ga salansa mai yoyo a ƙarƙashin kujera. Ciwon kai ne da jiri, sai barci, wani ba ya tashi. Iyayen gida, ku gaya wa yaranku: in za a kwanta, a kashe inji.

Muna roƙon kwamiti abu biyu. Ƙungiya ta sayi na'urar bincike guda, a ajiye a ofis, ɗaya daga cikin matasanmu ya koyi karanta ta, duk ɗan ƙungiya ya zo a duba masa kafin ya je gareji. Sannan masu buƙatar na Beljiyam su haɗa saƙo wuri ɗaya, a damƙa wa wanda ya san kaya cikin masu zuwa Kano, ya duba da idonsa ya karɓo rasit, don kada a sha tambaya a kan iyaka. Wanda ke so ya ba sakatare sunansa bayan an ci abinci, da irin motarsa, da shekararta, da girman inji.