Jawabin Buɗe Baje Kolin Ayyukan Ɗalibai a Jangeru

  

Abin da ya tara mu yau ga shi can cikin babban baho: ƙaramin jirgin ƙasa ne da ɗalibanmu suka harhaɗa da tubalan roba, irin waɗanda kamfanin LEGO na ƙasar Denmark ya yi wa rajista a 1958, suka sa masa injin batir, yana bin dogonsa a ƙarƙashin ruwa.

Wanda ya hango shi daga nesa zai ce wasan yara ne, amma wanda ya tsaya a kan ɗaliban ya ga yadda tubalin, da yake cikinsa rami ne mai riƙe iska, yake taso da jirgin ya raba shi da dogo, da yadda suka dinga cusa noti da guntayen ƙarfe a gindin taragai suna aunawa, har nauyinsa ya rinjayi na ruwan da ya ture ba tare da ya gagari injin ja ba, wannan ya san ijtihadi aka yi. Batir kuwa, da shi da ruwa ba sa ga-maciji, sai suka rufe shi cikin kwalbar magani, suka liƙe bakinta da kakin zuma. Ku sani, ko jirgin da ke ratsa teku tsakanin Ingila da Faransa tun 1994, cikin rami yake bi, ruwa ba ya taɓa shi.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a wurin musulmi. Magabata sun kira shi ilmin hiyal. 'Ya'yan Musa ibn Shakir sun wallafa littafi a kansa a Bagadaza cikin ƙarni na 9, Al-Jazari ya kammala nasa a 1206, kuma yawancin na'urorinsu da ruwa suke aiki.

Dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, kakanninmu suka yi masa lodin gyaɗa da auduga shekara da shekaru, alhali sirrin injin yana hannun wasu, kuma wannan ya daɗe yana ci mini rai. Saboda haka ina roƙonku, iyaye, idan kun ga yaro ya duƙufa yana fere kara, yana yanka tsohon silifas don tayar mota, kada ku kore shi da sunan shiririta. Ku saya masa batir ranar kasuwar Shinkafi, domin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana Kaura tun 1983, kuma irinsa take nema.

Allah ya albarkaci waɗannan yara da malamansu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Da sunan Allah na buɗe wannan baje koli. Ranka ya daɗe uban ƙasa, bismillah, a matsa kusa a kunna jirgin.