Kafin a Ɗebi Jinin Gwajin Sankarar Gado

A Sakaba da sauran garuruwan masarautar Zuru, gwajin sikila kafin aure ya fara zama jiki. Na sankarar gado kuwa baƙo ne, alhali akwai gidajen da uwa ta rasu da sankarar mama, 'yarta ma ta kamu tun da ƙuruciya.

Binciken Ibadan da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta jagoranta, wanda aka fitar a 2018, ya duba mata 1,136 masu sankarar mama. Kusan kashi 11 cikin 100 na ɗauke da lahani a ƙwayar halitta BRCA1 ko BRCA2.

Kafin allura ta taɓa hannu, sai mai ba da shawara ya zauna da mace su bi dangi ɗaya bayan ɗaya: inna, gwaggo, kaka, wace ta kamu, tana shekara nawa. Dangin uba ake yawan mantawa, ga shi uba ma yana gadar wa 'yarsa lahanin. Idan uwa ko uba na ɗauke da shi, kowane ɗa, namiji ko mace, damar gadonsa rabi ce.

A faɗa mata ƙarara: samun lahanin ba ya nufin lallai za ta kamu, rashinsa kuma ba ya hana sankara.

Sai maganar sirri, wadda ta fi nauyi a ƙauye. Wa zai ji sakamakon? Miji, surukai, ko kishiya? Tsegumi kaɗai ya isa ya kori manemin ƙanwarta. Ita ke da ikon yarda ko ƙi, kuma ta san tun farko ko za ta iya ɗaukar kuɗin mota da na bibiya daga Dirin Daji da ke Sakaba zuwa Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato.