Uwargida a Bakin Tekun Hainan

Yau za mu leƙa tsibirin Hainan ne, can ƙarshen kudancin ƙasar Sin, wanda ya zama lardi mai zaman kansa a shekarar 1988. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya Guangzhou, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin sama ke raba su da Sanya, birnin shaƙatawa na tsibirin. To idan Allah ya sa maigida ya ce ki shirya ku je da yara, me za ki yi a can?

Na yi tambayar ne don na san halinmu. A je yawon buɗe ido, maigida da yara su shige wasa, uwargida kuwa a bar ta gindin bishiya tana gadin jakunkuna da takalma. Haba 'yar uwa! Kin yi wannan doguwar tafiya don ki zama mai gadi?

Ki fara da gaɓar Yalong, mai farin rairayi tsawon kamar kilomita 7. Ki fita bayan asuba kafin rana ta yi zafi, ki taka yashin da ƙafarki, ki tsoma sawu cikin ruwa. Ba sai kin tuɓe mutuncinki ba, akwai kayan iyo masu rufe jiki har da kai, sai ki tanadi naki tun daga gida. Idan ƙishi ya kama ki, ga ɗanyar kwakwa ko'ina, a fasa miki ki sha.

Mai ƙarfin gwiwa kuma ta nufi dutsen Wuzhishan, wato dutse mai yatsu biyar, wanda tsayinsa ya kai mita 1,867. A wannan yanki za ki ga matan ƙabilar Li zaune a ƙasa sun miƙe ƙafafu, masaƙa ɗaure a ƙugu, suna saƙa mai ban sha'awa wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon da ya kamata a ceto a 2009. Yara kuwa, a kai su tsibirin birai na Nanwan, amma ki ɓoye abinci, don birin can ba ya jin kunyar fizge.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Teku ba kogin garinku ba ne. Akwai wata igiyar ruwa mai jan mutum ciki, ko da saman ruwan ya yi lumui. In kin ga an kafa jar tuta, kada kowa ya shiga, ko yaro zai yi kukan jini. Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga jan. Kada a hau kwalekwale sai kowa ya sa rigar hana nutsewa. Idonki kuma ya zama kan yara, ba kan waya ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Ki kuma lura da lokaci. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ne sararin ke da daɗi, da damina kuwa guguwar teku kan faɗa wa tsibirin, kamar Yagi da ta yi ɓarna a Satumban 2024. Batun abinci da salla kada ki damu, akwai unguwannin Musulmi a Sanya, da masallatansu da gidajen abincin halal.

To uwargida, jakunkunan nan a yi karɓa-karɓa wajen gadinsu, ke ma ki sha iska. Sai wani makon in Allah ya kai mu, a gaida maigida da yara.