Garin da Aka Rushe a Rana Ɗaya: GeoCities da Aikin Taskance Intanet



A ranar 26 ga Oktoba, 2009, kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities. Da yawa daga matasan yau ba su ma taɓa jin sunan ba, alhali a ƙarshen shekarun 1990 yana cikin wuraren da aka fi ziyarta a intanet baki ɗaya. David Bohnett da John Rezner ne suka kafa shi a Kalifoniya a 1994, bisa wata dabara mai sauƙi: a ba kowa fili kyauta ya gina shafinsa. Filin ma unguwa-unguwa aka yanka shi, kamar sabon gari. Masu son fim suna Hollywood, masu ilimi da falsafa suna Athens, 'yan siyasa suna CapitolHill, masu zancen iyali suna Heartland, kuma kowane gida da lambarsa.

Wanda ya leƙa ɗaya daga cikin gidajen nan zai tarar da bango baƙi mai taurari, rubutu ja ko kore yana ƙyaftawa, da ɗan hoton lebura riƙe da shebur, alamar ba a gama aiki ba. Can ƙasa ga lamba tana ƙirga baƙin da suka shigo, ga kuma littafin da baƙo zai bar gaisuwa. Masu zanen shafi na yau sukan raina wannan kwalliya, amma abin da ke cikinta ba abin rainawa ba ne. Nan ne uwa ta rubuta labarin jinyar ɗanta, tsohon soja ya jera hotunan abokansa, wani ya bi salsalar gidansu kaka da kakanni. Ba a taɓa samun talakawa masu yawa haka sun rubuta rayuwarsu da hannunsu sun baje wa duniya ba.

Yahoo ya sayi wurin a 1999 da hannun jari na sama da dala biliyan 3.5. Bayan shekara goma riba ta ƙi, sai ya sanar a watan Afrilu cewa zai rufe. Shafuka wajen miliyan 38 ke nan, an ba su wata shida.

Waɗanda suka zabura 'yan sa-kai ne, wata ƙungiya mai suna Archive Team da Jason Scott ya kafa a farkon shekarar. Ba su da ofis, ba su da albashi. Suka rarraba unguwannin a tsakaninsu, kowa ya sa kwamfutarsa tana kwafe gida bayan gida, dare da rana, yayin da cibiyar taskance intanet ta Internet Archive ita ma take nata kwafin. Shekara guda bayan rufewar suka saki abin da suka ceto, kimanin gigabait 650, wanda a yau zai shiga faifan ajiya ɗaya a aljihun ɗalibi. A kan irin wannan kwafi ne masanin tarihi Ian Milligan na Jami'ar Waterloo a Kanada ya yi nazarin yadda mutane suka zauna da juna a intanet ta farko. Gidajen da hannu bai kai gare su ba kuwa sun tafi ke nan.

Rufewar GeoCities ta yi ƙara shi ya sa aka ji ta. Yawancin asara a ɓoye take faruwa: kuɗin adireshi ya ƙare ba a sabunta ba, an sauya fasalin shafi an zubar da tsoffin labarai, mai shafin ya rasu. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke raye a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Tun kafin nan, wani bincike da Jonathan Zittrain da abokan aikinsa suka yi a Harvard ya nuna kusan rabin adireshin intanet da alƙalan Kotun Ƙolin Amurka suka kafa hujja da su ba sa kai mutum ga abin da aka ambata. Hukunci na nan, hujjarsa ta ɓace.

Brewster Kahle ya hango wannan tun 1996, shekarar da ya kafa Internet Archive a San Francisco. Aikin manhajarta kamar na gizo-gizo ne a kan yanarsa: ta sauka a shafi, ta kwafe shi da hotunansa, ta buga masa rana da lokaci, sannan ta bi duk adireshin da ke ciki zuwa na gaba. A 2001 aka buɗe wa jama'a Wayback Machine, inda mutum zai sa adireshi ya ga yadda shafin yake a shekarun baya. Hedikwatar tana cikin wata tsohuwar majami'a ce. Dogayen kujerun masu ibada suna nan yadda suke, a bayansu kuma dogayen kwamfutoci baƙaƙe, ƙananan fitilu shuɗaye suna ta walƙiya a jikinsu. A Oktoban 2025 suka cika shafi tiriliyan 1.

Amfanin wannan rumbu ya fito fili a ranar 17 ga Yuli, 2014, da aka harbo jirgin Malesiya MH17 a gabashin Yukren, mutum 298 suka mutu. A wani shafi na dandalin sada zumunta na VKontakte da ake dangantawa da Igor Girkin, kwamandan 'yan aware, an sa saƙon cewa an kakkaɓo jirgin soja. Da gaskiya ta bayyana sai aka goge saƙon, amma Wayback Machine ta riga ta kwafe. Ba sa'a ba ce kawai. Mako biyu kafin nan, Anatol Shmelev na cibiyar Hoover a Jami'ar Stanford ya miƙa jerin shafukan da ya kamata a riƙa sa wa ido, kuma wannan na ciki. Ma'aikacin taska ne ya zauna ya yi tunani, ya zaɓa, kafin kowa ya san ranar za ta zo.

Wiki kuma, wato shafin da jama'a ke haɗuwa su rubuta su gyara, nata batun daban ne, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Abin da mai karatu ke gani a wiki fuska ce kawai. A ƙarƙashinta akwai duk gyaran da aka taɓa yi, da wanda ya yi shi, da ranar, da gardamar da aka tafka kafin a yarda da jumla ɗaya. Manhajar da ke kwafe fuskar shafi ba ta ɗauko wannan duka, sai an zaro tarihin daga cikin manhajar wikin kanta. Wannan ne aikin 'yan sa-kai na WikiTeam, waɗanda suka ajiye dubban wiki a Internet Archive. Wikipedia tana da sauƙi, domin Gidauniyar Wikimedia tana fitar da cikakken kwafi a kai a kai, har da na Hausa, kuma lasisinta ya halatta wa kowa ya sauke ya ajiye. Abin tausayi shi ne ƙaramar wiki da mutum ɗaya ke biya wa kuɗi daga aljihunsa. Ita ma Wikipedia tana da rauni a gindi: binciken Pew ya nuna kashi 54 cikin ɗari na shafukanta da aka duba suna da aƙalla madogara ɗaya da ta mutu. Editan Hausa da ya kafa hujja da labarin wata jarida ta intanet yana da magani a hannunsa, domin Wayback Machine tana da gurbin da kowa zai liƙa adireshi ta ajiye shi nan take, kyauta.

Sai dai dogaro da rumbu ɗaya haɗari ne. A Oktoban 2024 masu kutse suka afka wa Internet Archive, suka sace bayanan asusu miliyan 31, shafin ya yi kwanaki a rufe. Kayan ajiya ba su salwanta ba, amma masu bincike a ko'ina sun ɗanɗana yadda rashinsa yake. Wasu ƙasashe ba su jira hakan ba. Suwidin da Ostareliya sun fara taskance shafukansu tun 1996, Faransa ta mayar da shi doka a 2006, Birtaniya kuma a 2013.

Mai neman jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, yana da inda zai nufa, domin takarda ce kuma an samu masu ajiya. Mai neman labarin da wata jaridar Hausa ta sa a intanet shekara goma sha biyar da suka wuce, sau da yawa sai dai ya roƙi Allah manhajar San Francisco ta taɓa bi ta kansa. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mawallafi a Nijeriya ya kai kwafi uku na littafinsa a ajiye, amma an rubuta ta ne shekara ashirin kafin a san shafin intanet. Sassan tarihi da na Hausa a jami'o'i ba sa buƙatar jiran gyaran doka kafin su yi irin abin da Shmelev ya yi: su zauna su rubuta jerin jaridu, shafukan marubuta, na masarautu da na ƙungiyoyi, su damƙa wa mutum ɗaya alhakin kwafe su duk wata, a ajiye kwafin a wuri biyu.