Inshorar Maganin Tsofaffi a Amurka: Jan Hankali ga 'Yan Uwanmu na Ƙetare



An nemi mu ce wani abu a kan lafiyar tsofaffi. To, da yake cikin 'yan asalin garin nan akwai waɗanda karatu ya kai Amurka tun suna samari har furfura ta cim musu a can, akwai kuma matasan da suka ɗauki iyayensu zuwa wurinsu, sai muka ga ya dace mu taɓo yadda tsoho yake samun magani a waccan ƙasa. Mun gane wa idonmu abin lokacin da muka je ganin jikoki.

Tun 1965 gwamnatin Amurka ta kafa shirin Medicare domin masu shekara 65 zuwa sama, amma bai haɗa da yawancin maganin da likita kan rubuta a saya a kanti ba. Sai a 2003 Shugaba George Bush ya sa hannu a dokar da ta ƙara wannan ɓangare, wanda suke kira Sashen D, ya fara aiki a Janairun 2006. Gwamnati ce ke tallafawa, kamfanoni masu zaman kansu ke gudanarwa. Kowane tsari yana da kuɗinsa na wata-wata, da jerin magungunan da yake biya, da kantunan da yake hulɗa da su. Mahaifin da bai yi aiki a can ba, sai ya sami takardar zama ta dindindin, ya kuma shekara 5 a jere kafin ya shiga.

Inda gizo ke saƙa shi ne, wannan jeri ba ya zama wuri guda. Mu da muka yi koyarwa mun san halin manhajar jarrabawa: malamin da bai duba ta bana ba, littafin bara zai karantar. Haka ya faru da wani aminimmu mai hawan jini. Ya zaɓi tsarinsa sau ɗaya, ya miƙe ƙafa. Kamfanin ya aiko masa da wasiƙar sauye-sauye a watan Satumba, kamar yadda doka ta tanada, ta kwanta cikin tarin takardu. Sai a Janairu, a gaban mai kanti, ya ji an mayar da maganinsa rukuni mai tsada. Kunya ta hana shi gaya wa 'ya'yansa, ya koma raba ƙwaya biyu.

Ƙofar sauya tsari tana buɗewa daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, sabon zaɓi ya fara aiki 1 ga Janairu. Wanda ya yi shiru, yawanci a tsohon tsarinsa za a bar shi da sababbin sharuɗɗa. Saboda haka muna roƙon 'ya'yanmu su zauna da iyayensu a wannan lokaci, su jera kwalaben magani a gabansu, su shigar da sunayen a shafin Medicare na intanet, su kwatanta kuɗin shekara gaba ɗaya. Arhar kuɗin wata kan ruɗi mutum.

Kada kuma lafiyar yau ta sa a yi jinkirin shiga. Wanda ya cancanta ya zauna kwana 63 ko fiye ba shi da wata inshorar magani, akwai tara da za ta bi shi kowane wata muddin yana cikin shirin.

An sami sauƙi da dokar 2022. Daga 2023 insulin na masu ciwon suga ba ya wuce dala 35 a wata, kuma a 2025 aka ƙayyade abin da tsoho zai biya daga aljihunsa a dala 2,000 a waccan shekarar. Amma fa wannan rangwame ya tsaya ne a kan magungunan da tsarin mutum yake biya.

Masu zuwa gida hutu kuwa su sani, shirin ba ya biyan maganin da aka saya a wajen Amurka. A nemi kamfani tun da wuri a kan guzurin da zai kai ranar komawa.