Kalmomin Ingilishi masu harafin J da ake haɗuwa da su a kasuwa

Wannan jawabi ne don cibiyoyin yaƙi da jahilci na gundumomin Magarya da Dungas. Malami ya karanta shi a hankali, ya rubuta kalmomin a allo.



Magarya da Dungas suna bakin iyaka. Ranar Alhamis mutane na kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari. Wasu na zuwa Babura, wasu Daura, wasu har Kano. A can Hausa ake yi, kamar nan. Amma abin da aka rubuta a jikin kaya da takardun hukuma, yawanci da Ingilishi ne. A nan gida ma, tun shekarar 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Saboda haka sanin ƴan kalmomin Ingilishi yana da amfani ga manomi.

Darasin yau a kan harafin J ne. Shi ne na 10 cikin haruffa 26 na Ingilishi. Ba baƙo ba ne. Yadda ake faɗin sa a jaki, jiya da jini, haka masu Ingilishi suke faɗin sa.

Watanni uku

Watanni uku na shekarar nasara suna farawa da J. JANUARY shi ne Janairu, wata na 1, lokacin ɗari da noman rani. JUNE shi ne Yuni, wata na 6, lokacin shuka. JULY shi ne Yuli, wata na 7, lokacin noma. A jikin kaya ana taƙaita su: JAN, JUN, JUL.

Me ya sa wannan ya shafi kowa? Domin kowane magani yana da ranar mutuwar sa. Maganin mutum, na dabba, da na feshin wake, duk ɗaya ne. A jikin kwali ko kwalba ana rubuta EXP, sannan wata da shekara. EXP na nufin ranar ƙarewar aiki. MFG kuwa ranar da aka yi maganin ne. Kada a haɗa su.

Misali, uba ya tashi sayen maganin zazzaɓin yaro. A kwalin an rubuta EXP JAN 2024. Wannan magani ya ƙare aiki tun Janairun 2024. Wanda ya saye shi bayan haka ya zubar da kuɗin sa, yaro kuma yana nan kwance. Mai feshi ma haka: ya biya kuɗi, ya sha rana, ƙwari na ci gaba da cin wake.

A duba da kyau. JAN da JUN harafin tsakiya kaɗai ya raba su, amma wata biyar ke tsakanin su. JUN da JUL kuwa harafin ƙarshe ne. In an yi shakka, a kai wa ma'aikacin likita ko malamin gona ya duba.

Kalmomin da Hausa ta riga ta ara

Kowa ya san jarka. Asalin ta JERRYCAN. Jamusawa suka ƙera ta don sojojin su kafin yaƙin duniya na biyu, tana cin lita 20. Sojojin Ingila suna yi wa Bajamushe laƙabi da Jeri, shi ya sa suka sa mata wannan suna. Yau jarka tana kowane gida. Amma jarkar da ta taɓa ɗaukar man mota ko maganin ƙwari, kada a zuba mata ruwan sha ko man gyaɗa, ko an wanke ta.

Jak ɗin da direba ke ɗaga mota da shi in taya ta fashe, JACK ake rubuta shi. JUICE ruwan ƴaƴan itace ne na kwali ko na kwalba. Shi ma yana da EXP, a duba kafin a ba yaro.

Akwai abin lura. Ba duk kalmar da kunne ya ji da J ake rubuta ta da J ba. Janareta mai ba da wuta, GENERATOR ake rubuta shi. Janar na soja kuma GENERAL. Wato wani lokaci G yana ɗaukar muryar J.

A kan hanya

JUNCTION na nufin mararraba, inda hanyoyi suka haɗu. Matafiyi zai ji ta a bakin yaran mota. JOURNEY tafiya ce. A bayan motoci da bakin gari ana rubuta SAFE JOURNEY, wato a sauka lafiya. Wanda ya yi lakkwal ya kiyaye: JOURNEE ta Faransanci yini ce, ba tafiya ba. Kama da wane ba ta wane.

Aiki da shari'a

JOB na nufin aiki. Bayan girbi samari da yawa na fita ci-rani. Wani zai nuna musu takarda mai JOB da manyan haruffa, ya ce a biya kuɗi tukuna kafin a samu aikin. A yi hattara. Kada saurayi ya ba da kuɗi, kada ya dangwala yatsa, sai wanda ya yarda da shi ya karanta masa takardar daga farko har ƙarshe.

JUDGE alƙali ne. Daga nan Hausawan Najeriya suka samu kalmar joji. JUSTICE adalci ne ko shari'a, kuma haka ake rubuta ta da Faransanci, faɗin ne ya bambanta. JAIL gidan kaso ne. Takardar da ta zo da irin waɗannan kalmomi ba ta ajiyewa ƙarƙashin tabarma ba ce. A nemi mai karantawa ran nan, don kada ranar da aka kira mutum ta wuce bai sani ba.

Aikin gida

Kowa ya duba kwalayen magani da ke ɗakin sa. Ya nemi EXP. Ya kwafi wata da shekara a littafin sa, ya kawo cibiya. Wanda ya ƙare aiki a ware shi, a nisanta shi daga yara. Wanda ya gane ya nuna wa maƙwabcin sa, mata su nuna wa mata. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ƙara mana sani, ya ba mu damina mai albarka.